Abin da Ya Ci DOMA Bai Bar Awai Ba

Ban taɓa zaton karin maganar nan tamu ta Doma da Awai za ta hau siyasar Amurka ta zauna daram ba, sai da na bi diddigin rigimarsu ta auren jinsi. A 1996 majalisar dokokin ƙasar ta yi wata doka ta kare aure, wadda suke taƙaita sunanta su ce DOMA. Ranar 26 ga Yunin 2013 Kotun Ƙoli ta karya ƙashin bayan dokar, alƙalai biyar suka rinjayi huɗu. Ɗaya daga cikin huɗun, marigayi Antonin Scalia, ya rubuta da zafi cewa kada kowa ya ruɗi kansa, dokokin jihohi ne za su biyo baya. Shekara biyu cif, a wannan rana ta 26 ga Yuni, kotun ta share dokokin jihohin da suka rage, ta ce dole kowace jiha ta ɗaura auren jinsi. Da Scalia ya ji Hausa, da bai wahalar da alƙalaminsa ba. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai.

Ni Musulmi ne, kuma ba ni da wani ɓoye-ɓoye a kan abin da na yarda da shi: aure tsakanin namiji da mace ake ɗaura shi. Kiristocin Amurka masu riƙo da addini, Katolika da Baptist da Mormon da sauransu, a nan bakinmu ɗaya da su. Inda nake da magana da su shi ne wata tambaya da suka shekara talatin suna amsa ta da baki biyu. Wa ke da ikon faɗin abin da hukuma za ta kira aure, gwamnatin tarayya ko jiha? In suka waiwaya suka ga suna da rinjaye a Washington, sai su ce aure ginshiƙin ƙasa ne, ba a barin sa a hannun jihohi hamsin kowace ta yi abin da ta ga dama. In rinjayen ya kuɓuce, sai a kakkaɓe tsohuwar takarda a ce ai tun fil azal aure hurumin jihohi ne. Ina ganin wannan rawar ta cuce su fiye da yadda abokan hamayyarsu suka cuce su.

Kundin tsarin mulkin Amurka bai ambaci aure ba ko sau ɗaya. Gyara na goma da aka yi masa a 1791 kuwa cewa ya yi duk ikon da ba a ba tarayya ba, na jihohi ne ko na jama'a. Shi ya sa har gobe dokar aure a ƙasar ba ɗaya ba ce. Auren zumunci da mu muke ɗauka abin alfahari, ɗan wa da 'yar ƙani, dokar New York da ta Kalifoniya sun yarda da shi, ta Texas ta hana. Shekarun aure ma kowace jiha da nata. A 1931 Nevada ta ce duk wanda ya zauna mata mako shida kotunta za ta iya raba aurensa, sai garin Reno ya zama kasuwar saki, mata na kwararowa daga jihohin da rabuwa ke da wuya, su yi zaman mako shida su koma gida da takarda. Ita kuwa tarayya, in ta zo maganar haraji ko fansho ko haƙƙin matar soja, abu ɗaya ta saba tambaya: jiharku ta ce ku ma'aurata ne? In ta ce e, shi ke nan.

A 1993 kotun ƙolin jihar Hawaii ta ce hana masu jinsi ɗaya lasisin aure ya yi kama da wariya, sai gwamnatin jihar ta kawo ƙwaƙƙwarar hujja. Hankalin masu addini ya tashi daga Texas har Virginia, domin akwai sadara a kundin da ta ce kowace jiha ta mutunta takardu da hukunce-hukuncen 'yar'uwarta. Abin tsoron shi ne mutum biyu su hau jirgi zuwa Honolulu, babban birnin Hawaii, a ɗaura musu, su dawo Alabama su ce sai an karɓe su. Wannan tsoron ne ya haifi DOMA. Majalisar Wakilai ta amince da ƙuri'a 342 da 67, ta Dattawa 85 da 14. Bill Clinton ne ya sa hannu, Joe Biden kuma na cikin sanatocin da suka ce e.

Dokar ƙafa biyu gare ta, ɗaya ta yi gabas ɗaya ta yi yamma. Ta farko ta ce ba a tilasta wa wata jiha karɓar auren jinsin da aka ɗaura a wata. Wannan kare jihohi ne, ba gardama. Ta biyu ta ce a idon gwamnatin tarayya aure shi ne na namiji ɗaya da mace ɗaya, ko da jiha ta faɗi wani abu daban. Dokokin tarayya sama da dubu ne ke rataye da kalmar aure, daga haraji zuwa biza zuwa maƙabartar da za a binne tsohon soja da iyalinsa. Da wannan ƙafa ta biyu masu ra'ayin riƙau suka miƙa wa Washington alƙalamin rubuta ma'anar aure, da hannunsu. A lokacin ba wanda ya damu, tunda abin da aka rubuta shi suke so. Ba su tsaya sun tambayi kansu hannun wa alƙalamin zai koma gobe ba.

Massachusetts ta fara ɗaura auren jinsi a watan Mayun 2004 bisa umarnin kotun ƙolinta. A 2009 ta maka gwamnatin tarayya a kotu, kuma ku ji hujjarta: gyara na goma. Jihar da 'yan Republican ke yi wa kallon hedikwatar masu sassaucin ra'ayi ita ce ta tsaya gaban alƙali tana cewa Washington ta shiga gonar da ba tata ba. Alƙalin, wanda Richard Nixon ne ya naɗa shi, ya ba ta gaskiya a 2010. Sai kuma shari'ar Edith Windsor, dattijuwa 'yar New York da suka yi aure da abokiyar zamanta a Kanada a 2007. Abokiyar ta rasu a 2009 ta bar mata dukiya. New York ta san da auren, tarayya ta ce ba ta san zancen ba, ta caje ta harajin gado dala 363,053, kuɗin da in da miji ne ya mutu ya bar mata ba za ta biya ko sisi ba. Mai shari'a Anthony Kennedy da ya rubuta hukuncin ya daɗe yana tunatar da cewa aure hurumin jihohi ne tun kafuwar ƙasa. Da sandar masu ra'ayin riƙau aka doke su.

Amma babban kuskuren, a ganina, a 2004 aka tafka shi. A watan Fabrairun shekarar Shugaba George W. Bush ya nemi a gyara kundin tsarin mulki a rubuta cewa a duk faɗin Amurka aure na namiji da mace ne. Manyan ƙungiyoyin addini, irin su Focus on the Family ta James Dobson da Family Research Council, suka tsaya kai da fata. Daga cikin gida aka fara jan ƙafa. Bob Barr na Georgia, ɗan Republican wanda shi ya rubuta DOMA yana Majalisar Wakilai, ya ce wannan ya wuce gona da iri, a bar jihohi. Mataimakin shugaban ƙasa Dick Cheney, wanda 'yarsa ke zaune da mace, ya ce shi ma haka ya fi so. Sanata John McCain, shi ma ɗan Republican, ya ƙi goyon baya, ya ce abin ya saɓa wa asalin aƙidar jam'iyyarsu. Kashi biyu cikin uku ake nema a kowace majalisa, amma a ta Dattawa ko ƙuri'ar rufe muhawara a je ga ainihin batun ba ta kai hamsin ba: 48 da 50 a 2004, 49 da 48 a 2006.

Ba zan zalunci masu wancan yunƙuri ba, suna da hujja mai nauyi. Cewa suka yi zancen a bar wa jihohi mafarki ne, domin alƙalai ba za su bari ba. Ko mu rubuta ma'anar aure guda ɗaya ga ƙasa baki ɗaya, ko kotu ta rubuta mana tata. Suka ƙara da cewa gyaran kundi ba ya tabbata sai jihohi 38 cikin 50 sun amince, to wace hanya ta fi wannan girmama jihohi? Hasashensu game da kotu ya tabbata tsaf, dole a faɗa.

Sai dai gyara iri biyu ne a gabansu. Ɗaya ya yanke wa kowa hukunci. Ɗayan ya ce kawai babu kotun tarayya da za ta tilasta wa wata jiha, mutanen kowace jiha su zaɓa wa kansu. A 2004 jama'a na tare da su. A zaɓen Nuwamban shekarar jihohi 11 suka jefa ƙuri'a a kan haramta auren jinsi, duka 11 suka haramta, har da Oregon da Michigan waɗanda a rana ɗaya suka zaɓi John Kerry, ɗan takarar shugaban ƙasa na Democrat. Kerry ɗin kansa cewa yake ba ya goyon bayan auren jinsi, a bar wa jihohi. Da gyara na biyun suka nema, da sun sa 'yan Democrat a tsaka mai wuya, domin abin da bakinsu ke faɗa ne za a ce su sa wa hannu. Sai masu addinin suka ce sai bijimin gaba ɗaya da ƙahonsa. A 2015, da ruwa ya ƙare wa ɗan kada, sai ga Ted Cruz da Scott Walker, masu neman takarar shugaban ƙasa a Republican, suna kiran a yi wancan gyara na biyu. Ihu bayan hari. A 1996 cibiyar jin ra'ayin jama'a ta Gallup ta ce kashi 27 cikin 100 na Amurkawa ne ke goyon bayan auren jinsi, a 2015 sun kai 60.

Wanda ya fi nuna wannan kunya a fili shi ne Rick Perry, gwamnan Texas na lokacin. A 2011 New York ta halatta auren jinsi, kuma majalisarta ce ta yi, babu hannun alƙali. Perry, wanda ya gina sunansa a kan caccakar Washington da kirarin gyara na goma, ya ce a wani taro a Colorado ai wannan New York ce, harkarsu ce, shi ba ruwansa. Mako bai zagayo ba sai ga shi yana hira da Tony Perkins na Family Research Council yana lashe amansa, wai auren jinsi bai yi masa ba, kuma yana goyon bayan gyaran kundi na ƙasa. Yana shirin neman takarar shugaban ƙasa, ya san masu riƙo da addini ne ke fitowa jefa ƙuri'a a zaɓen fidda gwani na Iowa da South Carolina.

Rick Santorum ya fi shi gaskiya. Tsohon sanatan Pennsylvania ne, ɗan Katolika mai tsauri. Shi cewa ya yi jihohi ba su da 'yancin aikata ba daidai ba, ya jingina maganar ga Abraham Lincoln, wanda a muhawararsa da Stephen Douglas a 1858 ya ƙi yarda kowane yanki ya zaɓa wa kansa ko zai riƙe bayi. Ina girmama wannan matsayi ko da ban bi shi ba. Wanda ya yi imani Allah ne ya shar'anta aure, da wuya ya iya cewa da zuciya ɗaya haramun a Texas halal a New York. Hukuncin Allah bai san iyakar jiha ba. Abin da Santorum bai amsa ba shi ne, wa zai tantance daidai da ba daidai ba ga mutum sama da miliyan 300? Duk wanda ke riƙe da Washington ne, kuma Washington ba gadon gidan kowa ba ce. Sannan da ya tashi kawo misalin ɓarnar da ba za a bar jihohi su yi ba, har da auren mace fiye da ɗaya ya lissafa.

A nan ne na gyara zama. Amurka ta taɓa yin wannan gwajin na kare aure da ƙarfin tarayya, kuma ya kamata kowane mai addini ya san a kan wa aka yi. A tsakiyar ƙarni na 19 mabiya ɗariƙar Mormon suka yi hijira can cikin tsaunukan Utah, suna auren mata fiye da ɗaya a matsayin ibada. Jam'iyyar Republican tun a manufofinta na farko a 1856 ta haɗa bauta da auren mata da yawa ta kira su tagwayen ragowar dabbanci. Lincoln ya sa hannu a dokar haramta shi a 1862. Utah a lokacin ba ta zama jiha ba, yanki ce a ƙarƙashin tarayya kai tsaye, don haka ba ta da garkuwar gyara na goma. George Reynolds, sakataren shugabansu Brigham Young, ya kai maganar har Kotun Ƙoli yana cewa addininsa ne ya umarce shi. A 1879 kotun ta ce gwamnati ba ta da iko da abin da ke zuciyarka, amma tana da iko da abin da ka aikata. Har ta ƙara da cewa irin wannan aure kusan sai a wurin mutanen Asiya da Afirka ake ganin sa. Mu ke nan. Dokar 1882 ta hana masu mata da yawa jefa ƙuri'a da riƙe muƙami. Ta 1887 ta soke rajistar cocin, ta ƙwace dukiyarsa. Magidanta ɗaruruwa suka sha ɗauri, wasu suka tsallaka Meziko da Kanada da iyalansu. A 1890 shugaban cocin, Wilford Woodruff, ya sanar da cewa sun daina, kuma Utah ba ta zama jiha ba sai 1896, da sharaɗin ta rubuta haramcin a kundinta har abada. Su wa suka yi ta ingiza gwamnati? Fastoci da ƙungiyoyin matan coci, mutane masu ibada, da sunan kare auren Kirista.

Wutar ba ta mutu ba har yau. Dokar shige da fice ta Amurka tana hana wanda zai shigo don ya zauna da mata fiye da ɗaya, kuma fom ɗin neman zama ɗan ƙasa yana tambayar ko ka taɓa auren fiye da mutum ɗaya a lokaci guda. Bahaushe mai mata biyu da ya taɓa neman takardar zama a can ya san zancen. Saboda haka in wani ya ce mini a ba Washington ikon kare aure na gaskiya, sai in tambaye shi, na gaskiya a wurin wa? Karon farko da aka zaro wannan takobi, a wuyan masu addini aka ɗora shi, kuma a kan irin auren da Alƙur'ani ya halatta mana. Shi ya sa na fi karkata ga ƙaramin iko. Jiha in ta matsa maka kana iya ɗaure kayanka ka tsallaka iyaka, in tarayya ce ta matsa maka sai dai Meziko. Amma mai wannan ra'ayi dole ya biya kuɗinsa, ya yarda Massachusetts za ta yi abin da ba ya so, kuma ya haƙura.

Ba na so in yi kamar ikon jihohi tsarkakakke ne. A kunnen baƙar fatar Amurka kalmar tana da wari, da ita aka kare bauta, da ita aka kare wariya. Har 1967 jihohi 16 na haramta aure tsakanin fari da baƙi. Richard Loving da matarsa Mildred a ɗakin kwanansu aka kama su a Virginia a 1958, kuma alƙalin da ya yi musu shari'a cewa ya yi Allah ne ya raba launin mutane ya ajiye kowa a nahiyarsa. Kotun Ƙoli ce ta cece su, alƙalai tara ba wanda ya saɓa. Alabama ba ta goge haramcin daga kundinta ba sai 2000, kuma kusan kashi 40 cikin 100 na masu ƙuri'a suka zaɓi a bar shi. A 2022 aka tambayi Sanata Mike Braun na Indiana ko irin wannan aure ma a bar wa jihohi, ya ce e, kafin gari ya waye ya janye. Masu ra'ayin riƙau suna amsawa da cewa gyara na 14, na 1868, dama saboda launin fata aka yi shi, don haka hukuncin Loving a kan rubutaccen nassi ya tsaya. Amsar ta karɓu a wurina. Sai dai tana nuna kowa ya yarda akwai inda tarayya za ta taka wa jiha burki, rigimar kawai a ina ne. Su kansu 'yan Kudu masu kirarin ikon jihohi, a 1850 su suka nemi dokar tarayya ta tilasta wa jihohin Arewa kamo musu bayin da suka gudu. Wanzami ba ya son jarfa.

Ɗaya ɓangaren ma haka suke, kada a ce na ɗauke musu kai. Barack Obama a 2008 cewa ya yi aure na namiji da mace ne. A 2012 ya ce yana goyon bayan auren jinsi amma jihohi su yanke. A 2014 ya ce kundin tsarin mulki ya tabbatar da shi a jihohi hamsin. Tsani ya yi da ikon jihohi, da ya hau ya ture shi.

Akwai kuma wata matsala da ra'ayina bai gama warware ta ba. Aure yana tafiya da mutum. Lasisin buɗe shago yana tsayawa a jiharsa, aure kuwa yana shiga mota ya tsallaka gada. Shari'ar 2015 ɗin ma daga nan ta samo suna. Jim Obergefell da John Arthur mutanen Ohio ne. Arthur na kwance da ciwon da ke shanye jiki, a 2013 suka ɗauki jirgin marasa lafiya zuwa Maryland, aka ɗaura musu a cikin jirgin a filin Baltimore, suka juyo. Bayan wata uku Arthur ya rasu. Rigimar duka a kan takardar shaidar mutuwa ce, shin Ohio za ta rubuta cewa mamacin ya bar abokin aure ko za ta bar wurin fayau. Duk mai cewa a bar wa jihohi sai ya amsa wannan: mutum ya zama mai aure a wannan gefen kogi, gwauro a wancan gefen? Gado fa, 'ya'ya fa, wa asibiti za ta kira?

Majalisa ta ba da tata amsar a 2022. A watan Yunin shekarar Kotun Ƙoli ta mayar wa jihohi batun zubar da ciki, Mai shari'a Clarence Thomas kuma ya rubuta cewa ya kamata a sake duba hukuncin auren jinsi. Kafin shekara ta fita aka yi sabuwar doka, ƙuri'a 61 da 36 a Majalisar Dattawa, har da 'yan Republican 12. Biden ɗin nan da ya zaɓi DOMA a 1996 shi ya sa hannu ya binne ta. Dokar ba ta ce dole kowace jiha ta ɗaura auren jinsi ba, ta ce dole ta karɓi wanda aka ɗaura a wata. Ta ce ba a tilasta wa coci ko masallaci ko wata cibiyar addini ɗaura shi ko ba da wurin bikinsa. Ta kuma sake jaddada cewa tarayya ba ta san auren mata da yawa ba, don kada mu manta matsayinmu. Bishop-bishop na Katolika da shugabannin Baptist na Kudu suka yi tir da ita. Cocin Mormon, wanda a 2008 ya zuba mutane da ƙarfi wajen haramta auren jinsi a Kalifoniya da ƙuri'a kashi 52, ya goyi bayanta, yana mai cewa aƙidarsa ba ta canza ba. An zage su da yawa a kan haka. Ni ina ganin su suka fi kowa karanta allon. Su ne suka taɓa shan dukan tarayya, suka san ba a gama lafiya da ita, sai suka yi cinikin katanga a kewayen ɗakin ibadarsu tun suna da abin bayarwa.

Wannan batu na zubar da ciki ya nuna abin da zai faru gobe. Shekara 49 ana cewa a mayar wa jihohi. Aka mayar. A watan Agusta mutanen Kansas, jiha ta 'yan Republican, suka zaɓi a bar 'yancin zubar da cikin a kundinsu. A watan Satumba Sanata Lindsey Graham ya kawo ƙudurin tarayya na hana shi bayan mako 15 a ƙasa baki ɗaya. Ko wata uku ba a yi ba. Sai ga majalisar wakilan Idaho a Janairun 2025 tana roƙon Kotun Ƙoli ta soke hukuncin 2015 ta mayar wa jihohi aure, ga babban taron Baptist na Kudu a Dallas a watan Yuni yana kiran a soke shi. A ƙaddara kotun ta amsa. Gallup ta ce a 2022 masu goyon bayan auren jinsi sun kai kashi 71. Nevada a 2020, sai Kalifoniya da Colorado da Hawaii a 2024, dukkansu da ƙuri'ar jama'a suka goge tsofaffin sadarorin da aka sa a kundinsu don toshe auren jinsi. Jihohi da yawa za su zaɓi auren jinsi da hannunsu, babu alƙalin da za a ɗora wa laifi. Tambayata ga masu neman a mayar wa jihohi ita ce, ranar nan za ku haƙura, ko kashegari za mu ga ƙuduri irin na Graham? Taura biyu ba ta taunuwa.

Mu ma dai ba baƙin wannan rawa ba ne, tunda tsarin shugaban ƙasa daga Amurka muka kwafo shi a 1979. Kundin 1999 ya ba Abuja ikon auren rajista, ya cire auren Musulunci da na gargajiya daga hannunta. Da Zamfara ta ƙaddamar da shari'a, ikon jiha muka riƙe. Da dokar haƙƙin yara ta 2003 ta zo da shekara 18, jihohin Arewa da dama sun yi shekara da shekaru ba su karɓe ta ba, nan ma ikon jiha. Da Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar haramta auren jinsi a Janairun 2014, masallaci da coci suka tafa wa Abuja tare, ban ji wanda ya tsaya tambayar hurumi ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne inda masu addinin Amurka suka sami sauƙi na zahiri, ba a manyan fadace-fadacen nan ba ne. Kim Davis, magatakardar gundumar Rowan a Kentucky, ta ƙi ba da lasisin aure a 2015, ta ce da ikon Allah take aiki. Ta kwana biyar a kurkuku, Mike Huckabee, tsohon gwamnan Arkansas, ya je ya tarbe ta gaban kyamarori. Shekara goma tana yawon kotu, a Nuwamban 2025 Kotun Ƙoli, wadda shida cikin alƙalanta tara masu ra'ayin riƙau ne, ta ƙi ko sauraron ƙararta. Alhali abin da ya dame ta tun farko, wato sunanta a jikin takardar, majalisar Kentucky ta cire shi daga fom ɗin tun 2016, ba hayaniya.

Alabama ta ma fi haka nisa. Babban alƙalinta Roy Moore ya umarci alƙalan gundumomi su ci gaba da bin haramcin jiha, aka dakatar da shi a 2016. Wasu gundumomin suka rufe tagar lasisi ga kowa da kowa, mai auren mace ma sai ya tafi maƙwabta. A 2019 jihar ta soke lasisin aure ɗungurungum. Yanzu ma'aurata fom suke cikewa, su sa hannu gaban jami'in da ke tabbatar da sa hannu, su kai ofis cikin kwana 30. Biki ko ɗaurin aure a coci ba sharaɗi ba ne. Na san akwai waɗanda suka ji zafin a ce auren da suka yi shekaru suna kare alfarmarsa ya koma takardar ofis. Ni kuwa da na karanta sai na tuna ƙofar gida da safiyar Asabar, an shimfiɗa tabarmi, ga waliyyi ga wakili ga shaidu, an faɗi sadaki an raba goro an shafa fatiha, kuma ba wanda ya taɓa aikawa sakatariyar ƙaramar hukuma a tambayo ko auren ya ɗauru. A Alabama yanzu alƙalin gunduma ba ya ba kowa izinin aure, ba ya hana kowa. Yana karɓar takarda ya shigar a rajista ya ajiye a fayil, fasto kuma yana cocinsa yana ɗaura wa wanda ya yarda da aurensa, ya ba wanda bai yarda da nasa ba haƙuri.